Gidan abincin 'yan Malesiya a Landan: fara sanin waye a kicin kafin ka yi oda

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce abokan karatunka sun shirya ranar Asabar zaku je wani ƙaramin gidan abincin 'yan Malesiya a Landan, kai kuma baka taɓa ci ba, kana tambaya ko halal ne, me zaka yi oda kar ka ji kunya a gaban mutane, sannan ko ana ƙoshi ko sai mutum ya dawo ɗaki ya ɗora indomi. Toh bari in baka iya abinda na sani, dan a can nayi karatuna, a Serdang nan gefen Kuala Lumpur, kimiyyar abinci na karanta, yanzu kuma a nan Ingila harkar kicin ɗin gidajen abinci ce sana'ata.

Maganar halal zan fi daɗewa a kanta, dan anan mutanenmu suke zamewa. Mu a kanmu Malesiya ƙasar musulmi ce shikenan, kaga tuta mai jinjirin wata da tauraro a ƙofar shago sai ka yi bismillah ka shige. Alhali musulmin ƙasar basu kai kashi 65 cikin 100 ba, 'yan asalin Caina sun haura kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasa, ga 'yan asalin Indiya wajen kashi 7, kuma kowa da tukunyarsa. A ƙasashen waje kuwa da yawa daga cikin masu buɗe irin waɗannan shagunan 'yan Cainan Malesiya ne, su kuma alade yana cikin girkinsu dumu-dumu. Ba ha'intarka suke ba fa, mutumin ɗan Malesiya ne gaba da baya, abincin garinsu yake sayarwa, abinda ya rubuta a allo gaskiya ne, kai ne dai ya kamata ka san hannun waye a kicin ɗin.

Kicin uku ne manya. Akwai na Malayawa, waɗanda musulmi ne, sune masu nasi lemak da rendang da satay. Akwai na mamak, wato musulmin da asalinsu Tamil ne daga kudancin Indiya, sune masu roti canai da teh tarik da murtabak da nasi kandar na Penang, a can Malesiya shagunansu da yawa basa rufewa dare da rana, nan samari ke zama kallon ƙwallon Ingila har asuba. Sai na 'yan Caina. Akwai kuma Nyonya, girkin jikokin 'yan Cainan da suka daɗe da zama a Melaka da Penang suka cakuɗu da mutanen gari, kaga kayan ƙamshin na Malayawa ne amma alade yana shiga wasu girke-girkensu, dan haka kar sunan ya ruɗe ka. Matsalar ƙasar waje ita ce shago ɗaya zai tattaro abincin duka ya zuba a menu ɗaya, saboda bature so yake ya ga komai, toh sai ka iske rendang yana zaune kusa da abinda bai kamata ba.

Tun kafin Asabar ɗin ka tambayi abokanka sunan wajen ka buɗe menu ɗinsu a waya. In ka ga bak kut teh, haƙarƙarin alade ne a romo, abincin garin Klang. In ka ga char siu ko siu yuk, gasasshen alade ne. Lap cheong wani busasshen tsiran alade ne da ake yayyankawa a soyayyar shinkafa da taliya. Babi kuma sunan aladen ne da kansa. Waɗannan a fili suke. Wanda ke kama mutane shine char kway teow, faffaɗar taliyar garin shinkafa da ake soyawa da jatan lande da ƙwai da tsiron wake, kana kallonta baka ganin nama ko ɗaya da zaka yi zargi, amma a girkin asali na Penang da kitsen alade ake soya ta, wani lokaci har da ɗan ƙwalama-ƙwalaman soyayyen kitsen a ciki. Haka Hokkien mee na Kuala Lumpur, baƙar taliyar nan mai kauri, daɗinta gaba ɗaya a kan kitsen ya dogara. Malayawa suna da nasu na halal da suke soyawa da man girki, sau da yawa zaka ga an rubuta kuey teow goreng, amma rubutu kaɗai bai isa hujja ba.

Wani abu kuma, zaka iya ganin takarda manne a ƙofa cewa babu alade babu kitsen alade. Wannan takardar iyakar abinda ta faɗa kenan, bata ce maka kazar yankan musulmi ba ce, bata ce ba'a zuba giyar girki ba, kuma 'yan Caina suna da wata giyar shinkafa Shaoxing da ake ɗan tsiyayawa a miya da jiƙon nama, musamman kaza. A Malesiya hukumar JAKIM ce ke bada shaidar halal kuma suna da tsauri sosai, har kicin da sito da wajen sayo kaya suke bi, amma in ka ga tambarinsu a jikin kwalbar yaji a kan tebur a Landan, kwalbar aka tantance ba shagon ba. A nan Ingila, a cikin masu bada shaidar halal, HMC da HFA ne aka fi sani. Ƙananan shaguna da yawa na Malayawa basu da takardar kowa saboda kuɗin da ake biya, amma mai shagon da matarsa musulmi ne kuma a mahautar halal suke sayo nama, ni irin wannan ina ci hankalina kwance. Ka tambayi weita kai tsaye ba tare da noƙe-noƙe ba, sun saba, kullum sai an tambaye su: naman da kazar duka halal ne, akwai alade a kicin ɗin kwata-kwata, ana sa giya a girki. In ya ce kazar halal ce amma muna da alade, toh ka sani kasko ɗaya ne da ludayi ɗaya ke aikin, a lokacin cunkoso ba wanda ke tsayawa wanke kasko da sabulu tsakanin oda da oda, ruwa ake watsawa a goge a ci gaba, na tsaya a irin kicin ɗin na gani da idona. Akwai kuma waɗanda abincinsu halal ne tsaf amma suna sayar da giya a kwalba ga mai so, wannan kai zaka yanke wa kanka ko zaka zauna.

Kayan ruwa kam babu damuwa a wajenmu, 'yan Malesiya Shafi'iyya ne mu kuma Malikiyya, duka biyun abin cikin teku halal ne, jatan lande da ƙaguwa da sotong mai hannuwa da yawa ɗin nan. In akwai ɗan Pakistan ko Bangladesh a tafiyar kar ka yi mamaki in ya ɗan ja baya, Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi.

Toh in wajen ya tsallake wannan, sai oda. Ni in nine kai roti canai zan fara da shi, ana faɗinsa canai da sautin c irin namu. Ƙullin fulawa ne da aka shafe da mai aka bari ya kwana ya saki jiki, in kicin ɗin a buɗe yake ka tsaya ka kalli mai yin, zai danne ƙullin da tafin hannu, ya ɗaga ya wulwula a iska ya maka a kan tebur, ya sake, ya sake, har ya zama siriri kana hango teburin ta cikinsa, sai ya naɗe ya ɗora a faffaɗan ƙarfe mai zafi. In ya gasu sai ya ajiye ya tafa shi da hannu biyu ta gefe da gefe kamar mai jin haushinsa, wannan tafin ne ke sa ya buɗe salo-salo, waje da ƙaras-ƙaras ciki da laushi. Ana kawo shi da ɗan kwanon miyar dal, wato miyar wani irin wake ta 'yan Indiya, ko miyar kori ta kaza ko kifi ko ta rago, ka yaga da hannu ka tsoma. Kuma da shi nake auna shago, dan wurare da yawa na firiza suke saya a leda su ɗumama, zaka gane shi da gani, zagayayye ne cas kamar an zana da kwano, ga maiƙo, ga tauri in ya huce. Akwai wani shago Roti King kusa da tashar jirgin ƙasa ta Euston da ya yi suna a kan roti, mutane har layi suke a titi cikin sanyi. In kana son mai nauyi ka nemi murtabak, shi kuma an cusa masa niƙaƙƙen nama da ƙwai da albasa.

Babban faranti kuma nasi lemak, shine suke ɗauka abincin ƙasa. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa da wani ganye mai ƙamshi pandan, a gefe a sa sambal, wato jajjagen barkono da albasa da aka soya har mai ya taso, da 'yan mitsi-mitsin busassun kifi ikan bilis soyayyu, da soyayyar gyaɗa, da yankan kokwamba, da dafaffen ƙwai. A can karin kumallo ne, ana ƙunshe shi a ganyen ayaba a sayar a bakin titi da kuɗi kaɗan, a nan kuma sun mayar da shi babban abinci ana haɗa maka da cinyar kaza soyayya ko rendang. Kar ka ci kowanne daban, ka ɗebo shinkafa da ɗan sambal da gyaɗa da kifin a loma ɗaya, haka aka tsara shi.

Yanzu ga abinda nake so ka shirya masa. Kowa zai ce maka ka yi hankali da yaji, ni kuwa nace wanda ya tashi da attaruhu da yajin tsire ba abinda sambal zai masa, yawancin shagunan ma sun rage yajin saboda turawa. Zaƙi ne zai baka mamaki. Sambal ɗin nasi lemak da suga a ciki, miyar gyaɗar satay da suga, soyayyar taliyar mamak da zaƙi-zaƙi, har naman ma wani lokacin. Bahaushe bai saba jin suga a miya ba, loma ta farko sai kaga fuska ta canza, na sha ganin sababbin ɗalibai 'yan gida suna ture faranti a satin farko, bayan wata biyu kuma sune ke tashin mutane da dare a je mamak. Ka ba shi loma biyar kafin ka yanke hukunci. Abu na biyu belacan, ƙananan jatan lande ne da aka sa wa gishiri aka bari suka ruɓa aka busar aka dunƙule, in ana gasa shi warin har titi, daddawarsu ce kawai, a ɗanye ka toshe hanci a miya kuma in babu ita sai kaji abin salam. In ka shiga shagon kaji wani tashi-tashi kar ka ɗauka wani abu ne ya lalace. In kuma yajin kake nema da gaske ka ce a kawo maka cili padi, 'yan ƙananan barkono ne yankakku a cikin ruwan soya, su kam basa wasa.

Rendang shine wanda nasan zai shiga ranka ba gardama. Naman sa ne ko kaza da ake dafawa a madarar kwakwa da citta da tafarnuwa da kurkum da ganyen nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi, a bar shi awanni a wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙone man kwakwar ya fito ya soya naman, sannan a zuba kerisik, kwakwar da aka goga aka soya aka daka. Asalin rendang na mutanen Minangkabau ne na Sumatra a Indonesiya, da yawansu sun zauna a jihar Negeri Sembilan ta Malesiya, shi yasa har gobe ƙasashen biyu ke ja-in-ja a kan na waye. Na kirki baƙi-baƙi ne, a bushe, miyar ta manne a jikin naman, in aka kawo maka yana iyo a ruwa ja-ja toh an gajarce masa wuta. Kuma kar ka kuskura ka ce bai yi ƙaras-ƙaras ba in akwai ɗan Malesiya a teburin, a 2018 wani alƙalin gasar girki ta MasterChef a nan Ingila ya soki rendang ɗin kazar wata 'yar Malesiya cewa fatar bata yi ƙaras ba, ƙasar gaba ɗaya ta taso masa a intanet, har firaministansu na lokacin Najib Razak sai da ya tanka.

Satay tsire ne 'yan ƙanana, a jiƙa naman da kurkum da suga a gasa a gawayi, a kawo da miyar gyaɗa mai kauri da albasa da kokwamba da curin shinkafa da aka matse aka yanka. Garin Kajang ne ya yi suna a kansa. Ku yi odarsa na tebur kowa ya ɗauki tsinke biyu, amma kar ka sa ran ƙoshi da shi, kuma in ba gawayi a shagon to rabin daɗin ya tafi.

Laksa ni zan ce ka bari sai zuwa na biyu, ko ka ɗanɗana a kwanon abokinka. Iri-iri ce. Ta kori mai madarar kwakwa da taliya da soyayyar awara da jatan lande tana da sauƙin shiga, sai dai a kicin ɗin 'yan Caina romon ne abin tambaya. Asam laksa ta Penang kuwa romon kifi ne da tsamiya, da abarba da na'a-na'a da ɗanyar albasa, a ɗora baƙin ruwan jatan lande mai kauri a sama, tsami da ƙarni da zaƙi lokaci ɗaya, masu sonta suna mutuwar sonta amma ba da ita ake karɓar baƙo ba. Haka petai, wani koren wake mai ɗaci da ake soyawa da sambal, warinsa na bin mutum har washegari a baki da banɗaki, in kana da ganin supabaiza ranar Litinin ka ƙyale shi. In duk abin ya rikice maka ka ce mee goreng mamak ko nasi goreng, soyayyar taliya ko soyayyar shinkafa, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a kansu. Kalmomi kaɗan zasu buɗe maka menu ɗin: nasi shinkafa, mee taliya, goreng soyayye, ayam kaza, daging naman sa, kambing akuya ko rago, ikan kifi, udang jatan lande, telur ƙwai.

Abin sha teh tarik, shayi ne mai ƙarfi da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙin nan, ana juya shi daga kofi zuwa kofi daga sama har ya yi kumfa ya ɗan huce. Ka ce kurang manis, wato a rage zaƙi, in ba haka ba wallahi suga zaka sha. Akwai Milo da ƙanƙara, suna ji da Milo fiye da mu ma, akwai bandung ruwan hoda mai ƙamshin fure da madara. Ni bayan abinci mai kwakwa na fi son teh o ais limau, baƙin shayi da ƙanƙara da lemon tsami, yana wanke maiƙon. In da sauran wuri a cikinka ka gwada cendol, gogaggiyar ƙanƙara da madarar kwakwa da narkakken sugan kwakwa gula melaka da wasu korayen zare-zare masu santsi da jan wake, eh wake a kayan zaƙi, haka suke yi.

Maganar ƙoshi, zaka ƙoshi. Shinkafar a ido kaɗan ce, ɗan curi ne da aka kifa da kwano, amma madarar kwakwa tana da nauyi, roti ɗaya da nasi lemak da shayi sun isa su sa ka barci a jirgin ƙasa. In bata isa ba ƙarin shinkafa ba tsada. Af, kuma kar ka je kana tsammanin manja dan an ce Malesiya ƙasar kwakwar manja ce, tataccen mai fari suke girki da shi. Itacen dai asalinsa na Afirka ta Yamma ne, Turawan Holan suka fara dasa shi a Bogor ta Indonesiya a 1848, gonar kasuwanci ta farko a Malaya, wato sunan yankin kafin a kafa Malesiya, kuma a 1917 aka buɗe ta a Selangor, kaga ya riga labarin nan da muke yawan maimaitawa cewa bayan samun 'yanci suka zo Najeriya suka ɗebi iri.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki, in kai ko wani a cikinku jikinsa baya karɓar gyaɗa ko jatan lande, ku faɗa tun kafin oda. Belacan yana ɓuya a kusan kowane sambal har da na ganye, gyaɗa kuma ko'ina take. Dokar ƙasar nan ta tilasta wa masu abinci su sanar da kai abubuwa 14 da ke tada wa mutane rashin lafiya, waɗannan biyun suna ciki, dan haka haƙƙinka ne ka tambaya. Ka kuma duba koren sitikan tsafta a ƙofa mai maki 0 zuwa 5, in basu manna ba yana shafin hukumar abinci a intanet, ni ƙasa da 3 bana zama.

Wajen ci kuma ba wani tsari mai wahala. Cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu kana tura abinci da shi, ba'a kawo wuƙa. In Malayawa ne ko mamak ka wanke hannu ka ci da hannunka ba wanda zai kalle ka, su ma haka suke ci, da dama. Mace mai kawo abinci ka ce mata kak, namiji abang, in kun gama ka ce terima kasih, sai kaga an washe baki. Irin waɗannan shagunan matsattsu ne, tebur na gogar tebur, wasu basa ajiye wa kowa wuri, kuma abincin baya zuwa tare, na wanda ya fara fitowa shi ake kawowa, kar ka zauna jiran kowa rotinka ya sandare. Ku je da wuri kafin cunkoson dare. Kuɗi ka ware kamar fam 20 zuwa 25 zai ishe ka har da shayi in ba ɓarna zaka yi ba, ka duba ƙasan risit ko sun ƙara kashi 12.5 na hidima kamar yadda ake yi a Landan, in sun sa ba sai ka ƙara komai ba. Kuma ku yi maganar biya tun farko, 'yan makaranta yawanci kowa nasa yake biya, kar kunya ta sa ka zaro kati ka ce ku bari kawai.

In abinci ya ragu ka ce a ƙunsa maka, bungkus suke cewa ko tapau. Rendang washegari ya fi daɗi, dama dan ya jure ajiya aka ƙirƙiro shi. Roti kuwa kar ka wahalar da kanka, in ya kwana roba ne. Shinkafar kwakwa kuma tana saurin lalacewa, kana isa ɗaki ka sa ta a firij, ka cinye ta washegari bayan ka ɗumama ta yi zafi sosai har ciki, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa.